Na Aurar da Kwale-kwalena ga Kogi

Na yi wa saurayin jikata ƙarya shekara biyu, shi kuma ya rubuta ƙaryar shafi ɗari biyu da goma, ya kai ta neman aiki.

Sunana Yermolai ɗan Kondrat. Shekarata saba'in da takwas. Masunci ne ni a Sazanobka, inda kogin Danub yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Aji huɗu na yi a makaranta, na ga malamin bai iya ɗaura ƙugiya ba, na bar masa ajinsa. Ku masu karatu a waya, na ga abin da kuke rubuto wa masu irin wannan labari. Wani ya ce Allah ya isa, wata ta aiko da 'yar fuska mai hawaye. Ba na neman ko ɗaya. Ku karanta kawai.

Ranar Alhamis da hantsi jikata Akulina ta sauka daga jirgin ruwan da ke zuwa daga birnin Tulcha. Kulya muke ce mata. Digiri uku gare ta, duk a kan maganarmu, tsohon Rashancin da kakanninmu suka gudo da shi shekara ɗari uku da suka wuce. Harshen da uwarta take zagin kaji da shi kyauta, ita an sa mata hula mai tuntu a kansa. Bisa al'ada, in ta iso bakin shingenmu takan tsaya, ta fito da dogon siket daga jaka ta ɗora a kan wandonta, ta ɗaura kallabi, sannan ta shigo. Ranar nan ba ta yi ba. Da baƙin wando ta shigo, da rigar sanyi ruwan toka, gashi a waje. Ba ta rusuna wa hotunan waliyyai da ke lungun ɗaki ba. Ta ajiye waya a gabana, kusa da busasshen kifin da nake ci.

“Kaka, karanta.”

“Ba a gaisuwa a birni?”

“Ina kwana. Karanta.”

Na sa tabarau. Saƙo ne daga Tudor Prisakaru, saurayin nata.

“Kulya, tauraruwata, ga sirrin da na ɓoye miki shekara biyu. Na turo miki littafin duka, da muryar. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan al'ada, har farfesoshin da suka tsufa a kanku. Da ita zan shiga gaban kwamiti ranar Juma'a ta sama. Kakanki taska ne. Asabar zan zo in roƙe shi abu biyu.”

A ƙasa ya jera jajayen zukata guda biyar. Namiji da gemunsa.

“To?” na ce.

Ta danna wayar. Sai ga muryata tana fitowa, ina rera waƙar auren kwale-kwale, a hankali, da nauyi, kamar ana raka gawa. Gaskiya na iya waƙa. Ta bari baiti ɗaya ya wuce, ta kashe.

“Kaka, wannan karin na injin wankin Mama ne.”

Na ci gaba da ɓare kifina.

“Wanda yake yi in ya gama wanki. Ka dai ja shi ne ya yi tsawo. Tudor ya rubuta shafi arba'in yana cewa karin ya girmi rabuwar cocin da ta kori kakanninmu daga ƙasarsu. Shafi arba'in, Kaka! A kan injin da Baba ya aiko daga Italiya!”

Bari in koma baya, don kada ku ce tsoho ya rikice.

Bazara biyu da suka wuce, lokacin Kulya tana can wata ƙasa tana tonon tsofaffin takardu, wani saurayi ya sauka a garinmu. Dogo, siriri kamar sandar tuƙi, fuska sumul kamar ƙwai, jaka a gaba jaka a baya, sigari a aljihu. Ya ce daga jami'ar Yash yake, yana nazarin harsuna da al'adun Silabawa, wato masu Rashanci da danginsa. Mun saba da irinsu. Duk bazara suna zuwa tare da sauro, suna tafiya tare da shi. Na karɓe shi kamar yadda ake karɓar baƙo. Mu 'yan tsohuwar ɗariƙar coci ba ma haɗa kofi da bare. Kowa a gidan nan da nasa. Na bare shuɗi ne mai tsagaggen baki, yana rataye shi kaɗai a ƙusa bayan ƙofa. A ciki na ba shi shayi. Bai ji haushi ba. Har hoton kofin ya ɗauka.

Kwana uku ina ba shi gaskiya tsagwaronta. Yadda ake shafa wa kwale-kwale kwalta, yadda ake kiran tarwaɗa da bugun ruwa, sunayen iskoki. Rana ta huɗu ya fita bayan shinge shan tabarsa, ya bar littafinsa a buɗe. Na leƙa. Ga abin da ya rubuta a saman shafi:

“Majiya ta 14. Namiji. Masunci. Bai yi karatu ba.”

Ni ne sha huɗu. Ni da nake karanta littafin waƙen coci na kakana, mai alamomi kamar ƙugiyoyi, wanda duk yankin nan ba sauran mai iya rera shi sai ni. Ba suna, ba sunan uba. Ko karena Polkan yana da suna.

Ya dawo yana warin taba, ya ce, “Kaka Yermolai, ba ku da wani tsohon abu da ba a taɓa rubutawa ba?”

A lokacin muna bakin ruwa. Kwale-kwalena yana da wata 'yar kafa a goshi, na cusa mata tsohon jan kallabin marigayiya matata Febroniya, bakinsa yana lilo a iska. Ya nuna shi, ya ce wannan fa?

Na ce, “Amarya ce.”

Wallahi iyakar abin da na yi niyya ke nan, kalma biyu. Amma na ga idonsa ya buɗe kamar na kifin da ya ga tana. Masunci kuwa in ya ji an taɓa ƙugiya ba ya sakin zare. Na ce duk shekara in ƙanƙara ta narke muna aurar da kwale-kwale ga kogi, mu ɗaura masa kallabi, mu ba kogi sadakin kifi uku, a yi waƙa. Ya ce wace waƙa? Na ce ba a rera ta sai ranar Asabar, bayan wanka.

Ranar Asabar na shiga ɗakin sirace da abokina Trofim, mutumin da tun muna yara bai taɓa faɗin nauyin kifi daidai ba. Na gaya masa. Ya yi dariya har ya zame daga benci. A cikin tururin nan muka tsara baiti bakwai. Kari ya gagare mu, sai muka jiyo injin Matrona, 'yata, uwar Kulya, ya gama wanki yana 'yar waƙarsa a bayan gida. Trofim ya ɗaga yatsa sama ya ce, “Daga Allah.”

Tun daga ranar, duk lokacin da yaron yake gari, na hana Matrona kunna inji. Na ce ɗariƙa ta hana wanki a gaban bare. Wannan ma ya rubuta.

Shekara ta biyu ya dawo tun farkon bazara da na'urar ɗaukar hoto. Tsofaffi goma sha ɗaya suka fito da rigunan coci da ɗamara. Aka jefa kifi uku a kogi. Matar Trofim ta yi kukan rabuwa da amarya, kuka na gaske, har da majina. Ban taɓa ganin garin nan ya haɗa kai a kan abu ɗaya haka ba, ko ranar ambaliya.

Abin da ban sani ba, tsakanin bazarar farko da ta biyu ya haɗu da Kulya a wani taron masana. Ya yi mata alfahari cewa yana da wani tsoho a bakin Danub da ya fi zinariya. Ta tambayi sunan garin. Daga nan soyayya ta ƙullu. Amma abin da tsohon ya faɗa masa, ya ƙi gaya mata. Haka 'yan boko suke. Sai su ba ka zuciyarsu, su hana ka ganin littafinsu, kada ka riga su bugawa.

To, mu dawo ranar Alhamis.

Kulya ta ja kujera ta zauna. Ta ce, “Kaka, saurara, zan faɗa maka da irin maganarka. Gurbi ɗaya ne a cibiyar bincike a Yash. Shekara uku, da albashi, da ɗaki. Mutum sittin da ɗaya suka nema, aka tace saura huɗu. Rabon da a buɗe irin wannan gurbi a fanninmu shekara shida ke nan. Mutane suna gama digiri uku su koma sayar da inshora. Ni kaina kwantiragin wata goma-goma nake yi. In ya samu, mu yi aure mu zauna a Yash, tafiyar yini ɗaya daga nan. In bai samu ba, akwai wata jami'a a Kanada da ta ce ya zo ya koyar da 'yan aji ɗaya Rashanci. Zan bi shi.”

“Kanada akwai kifi?”

“Kaka!”

“Tambaya na yi.”

Matrona ta shigo daga madafa da gari a hannu har gwiwa. Duk ta ji. Kunnenta yana ratsa bango.

“To sai me?” ta ce. “Wa aka kashe? Kifi uku ne suka koma gidansu. Ke Kulya, shekararki talatin da ɗaya. Na gaji da amsa tambayar mata a ƙofar coci. Ga yaro mai hankali, ya daina taba saboda ke, ya ce zai yarda a tsoma shi a kogi sau uku ya shiga ɗariƙa. Ki rufe bakinki, Baba ya rufe nasa, a ba shi aikin, a ɗaura aure. Wace al'ada ce ta faɗo daga sama? Kowacce wani tsoho marar aikin yi ne ya fara ta.”

“Na gode,” na ce.

“Ba yabonka nake ba, Baba.”

Kulya ta ce, “Mama, a kwamitin nan akwai wata tsohuwar farfesa da ta yi shekara arba'in tana yawo a garuruwanmu. In ba ta gano ranar Juma'a ba, wani zai gano baɗi. Ranar da aka gano, ba wanda zai ce tsoho ya yi wasa. Cewa za a yi Tudor ya ƙirƙira. Ni kuma 'yar garin ce, matarsa, a fanni ɗaya. Za a ce da ni aka haɗa baki. Mu biyu mun mutu, ko sharar ɗakin karatu ba za a ba mu ba.”

“To ki gaya masa mana,” na ce.

Ta dube ni. Idon kakarta ne sak, wanda yake sa mutum ya tuna zunubin da bai ma aikata ba tukuna.

“Ni na rera? Bakin da ya ɗaura shi zai kwance. Asabar zai zo neman aurena, kuma ya kawo takardar da za ka sa hannu cewa duk abin da ka faɗa masa gaskiya ne. In ka sa hannun nan, Kaka, na rantse da kabarin Kaka Febroniya, ba za ka ƙara ganina a bakin shingen nan ba.”

Ta ɗauki wayarta. Ina gani ta rubuta masa: “Na karanta. Ka zo Asabar.” Ba ta sa zuciya ko ɗaya ba. Nan take ya amsa: “Shi ke nan? Ba ki ce komai ba. Babi na uku fa?” Ta kife wayar.

Ranar Juma'a na je wurin Trofim. Na same shi a inuwar inabinsa yana gyaran taru, yana tofar da ɓawon 'ya'yan furen da muke ci kamar gyaɗa a gemunsa.

“Asiri ya tonu,” na ce.

“Wanne daga ciki?”

Na gaya masa. Bai ko ɗaga kai ba.

“Kai tsohon banza, matsalarka gaggawa. Bara mun yi, bana mun yi. Baɗi in muka sake, ya zama sau uku. Abin da aka yi sau uku ai al'ada ce. Ka san mutanen ƙetaren ruwa sun aiko suna tambayar baiti na biyar? Sun ce su ma kakanninsu suna yi, mantawa suka yi. Kuma ka lura bana tarwaɗa ta yi yawa?”

“Ambaliya ce ta kawo ta.”

“Wa ya kawo ambaliyar? Ango ne ya ji daɗi.”

Na tashi. Ya bi ni da murya: “In ka faɗa masa, kada ka sa sunana! Matata ta yi kuka a hoton nan, ba za ta yafe mini ba!”

A hanya na biya ta bakin ruwa. Kallabin Febroniya yana nan a goshin kwale-kwale, rana ta cinye jansa. Shekara arba'in da shida muka yi, ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba, don ban taɓa yi mata ba. Tsoro nake ji. Na tsaya ina kallon kallabin. Kada ku ce na yi kuka. Iska ce.

Asabar, jirgin ƙarfe goma ya kawo shi.

Na kusa kasa gane shi. Ya tara gemu, in za a kira wannan gemu: tsilli-tsilli kamar gonar da awaki suka kwana a ciki. Ya sa riga irin tamu mai maɓalli a gefen wuya, shuɗiya, sabuwa fil, har da layin ninkin kanti. Ya yi ɗamara, amma ya ƙulla ta a inda mata suke ƙullawa. Hannu ɗaya furanni, ɗaya jakar takardu. Ya rusuna wa waliyyai, ya yi alamar gicciye da yatsu biyu kamar yadda muke yi. Ya gaida Matrona, ta kusa narkewa. Ta shirya tebur kamar ranar idin Ista: romon kifi, soyayyen kifi, burodi mai cuku a ciki, zuma, tukunyar shayi tana huci. Kulya ta sa doguwar riga kore da farin kallabi. Ta yi kyau. Fuskarta kuwa kamar ta mai zuwa ta'aziyya. Na lura ta fita bayan gida ta dawo tana duba agogo.

Yaron da kansa ya je bayan ƙofa ya sauko da shuɗin kofin bare, ya zauna da shi. Ya san wurinsa.

“Kaka Yermolai,” ya ce, “na zo da roƙo biyu. Na farko ya fi girma. Ina son Akulina. Ba ni da gida, ba ni da kwale-kwale, amma in Allah ya yarda ranar Juma'a...”

“Fara da na biyun.”

Ya yi turus. Ya buɗe jaka ya fito da takarda da alƙalami. “Wannan ƙa'ida ce kawai. Shaida ce cewa kun yarda a yi amfani da abin da kuka faɗa, kuma haka kuka gada.”

Matrona ta tura mini alƙalamin da yatsa. Kulya tana kallon tebur.

Na ce, “Ƙarya ce.”

“Na'am?”

“Auren kwale-kwale. Babu shi. Ni na ƙaga. Waƙar ni da Trofim muka tsara a ɗakin sirace, tsirara.”

Na zaci zai faɗi. Sai ya yi murmushi. Murmushi! Ya juya ya dubi Kulya kamar likitan da ya ga cutar da ya karanta a littafi.

“Na san za a zo nan,” ya ce a hankali. “Kaka, kada ku damu. Sananne ne a fanninmu. In mai riƙe da sirri ya ga za a fitar da shi duniya, yakan musanta. Har na yi magana a kai a babi na shida.”

“Yaro, na ce maka ƙarya na yi.”

“Haka ake cewa.”

“Kallabin toshiyar kafa ce!”

“A zahiri, e. Amma a ma'ana...”

“Tsofaffin nan sha ɗaya, Trofim ne ya yi musu alkawarin giyar inabi!”

“Rabon abin sha bayan ibada. Babi na huɗu.”

Ku ji fa. Shekara biyu na yi ina masa ƙarya yana gaskatawa. Yau na faɗi gaskiya sau huɗu a jere, ya ce ƙarya nake. Na dubi waliyyai, su ma suna kallona, ba su da niyyar taimako.

Kulya ta sake duba agogo. Ta ce, “Tudor, yi shiru minti ɗaya.”

“Kulya, ke ma kin san...”

“Na ce yi shiru.”

Muka yi tsit. Tukunyar shayi tana huci. Kaza ta yi kuka a waje. Sai daga bayan gida, ta taga, siririyar murya ta taso, tilin-tilin-tilin, cikin fara'a. Injin Matrona ya gama wanki.

Matrona ta dafe kai. “Na shiga uku. Wa ya kunna?”

Yaron bai motsa ba. Na ga leɓensa yana bin karin. Ya san shi fiye da sunan uwarsa, shafi arba'in ya rubuta a kai. Ya bi shi har inda yake hawa, har inda yake sauka, har 'yar karkarwar ƙarshe da ya ce ba a samunta sai a waƙen mutanen da. Injin ya yi shiru. Jinin fuskarsa ya tafi, gemun ya rage shi kaɗai a tsaye.

“Shi ya sa ba a wanki a gaban bare,” ya ce.

“Shi ya sa.”

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya ce, “Me na yi muku?”

Ba ihu. Da ya yi ihu da na ji daɗi, na iya ihu.

Na ce, “Majiya ta sha huɗu. Namiji. Bai yi karatu ba.”

Ya ɗago. “Kun karanta littafina?”

“Wanda bai yi karatu ba ya karanta.”

“Kaka, lambar nan doka ce. Ba a rubuta sunan mutum. A zamanin da, 'yan sanda sun bi sunayen da masu bincike suka rubuta, sun kwashe littattafan cocinku, sun ɗaure mutane. Tun daga nan aka hana. Don in kare ku na sa lamba.” Ya dube ni. “Maganar karatu kuwa, ku kuka faɗa mini. Ranar farko. Kuka ce in rubuta da manyan baƙaƙe, aji huɗu kuka yi kuma kun fi malamin.”

Na tuna. Na faɗa. Har na buga tebur.

 Matrona tana murza bakin kallabinta. Kulya ta miƙa hannu za ta taɓa nasa, ya janye, ba da fushi ba, kamar mai ƙuna.

“Kin sani tun yaushe?”

“Laraba. Da na ji muryar.”

“Kwana uku. Kika bar ni na sayi riga.”

“So nake ka ji daga bakinsa.”

“Saura kwana shida,” ya ce, ba da kowa yake ba. “Shekara biyu. Na ƙi zuwa Siberiya da aka ba ni guzuri, na ce ina da abin da ya fi. Na gaya wa farfesana. Na gaya wa mahaifiyata.”

Ni ba mutum ne mai ba da haƙuri ba. Ban iya ba, ba a koya mini ba. Ubana bai taɓa ba kowa haƙuri ba, ya mutu lafiya. Amma na san abin da nake da shi. Na tashi na je lungun waliyyai, na buɗe akwatin da ke ƙarƙashinsu, na fito da littafin kakana a naɗe cikin zane. Rubutun hannu ne, bangon fata, waƙoƙi ɗari da wani abu. Farfesoshi uku sun roƙe ni su gani, na ce asu ya cinye. Kulya kanta sau ɗaya ta taɓa shi. Na ajiye a gabansa.

“Wannan ba injin wanki ba ne. Kwana shida zan zauna in rera maka tun daga bango har bango. Ka kai musu. Ka ce musu tsohon ya yi maka ƙarya, ka kama shi, ga gaskiyar. Ka sa sunana. Yermolai ɗan Kondrat. Kada ka sa lamba.”

Kulya ta rufe baki da hannu.

Ban tsaya nan ba. Na miƙa hannu kan kanta na sauko da kofina. Fari ne, na ƙarfe, Febroniya ta saya mini shekarar da muka yi aure. Shekara hamsin ba leɓen da ya taɓa shi sai nawa, ko ita ba ta taɓa ba. Matrona ta ce, “Baba!” don ta san hukuncin: in bare ya sha a ciki, sai na yi sati shida ina tsayawa a ƙofar coci kamar maroƙi, garin nan kaf yana kallo. Na zuba shayi har baki. Na ture shuɗin kofin gefe, na ajiye nawa a gabansa.

“Roƙonka na farko kuma, na ba ka. Sha.”

Tururi yana tashi tsakaninmu. Matrona tana raɗa, “Sha mana, ɗana, sha.” Kulya duk jikinta roƙo ne. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam, hannu a ɗamara, ina jira ya gane girman abin da aka yi masa.

Ya dubi littafin, bai taɓa shi ba. Ya dubi kofin. Sannan ya tashi, ya ɗauki shuɗin kofin bare, ya zubar da sauran shayin ta taga, ya goge shi da bakin sabuwar rigarsa, ya kai shi bayan ƙofa ya rataye a ƙusarsa. Ya kwance ɗamarar, ya naɗe, ya ajiye kusa da furannin. Ya ɗauki jakarsa.

“Tudor,” in ji Kulya.

“Jirgin ƙarfe ɗaya bai tashi ba,” ya ce mata. “Ina so in yi tunani inda ba a rera mini waƙa.”

Na ce, “Yaro, shayin yana hucewa. Ba a taɓa yi wa bare wannan ba a garin nan.”

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba a shekara biyu.

“A'a, Kaka Yermolai,” ya ce. “Ba zan sha ba.”